Yadda Ake Gane Irin Ɗan Tsako da Jinsinsa

A ƙasar Hausa da wuya a shiga gida a ƙauye ba a tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Galibi mata da yara ne suke kiwonsu. Idan buƙata ta taso, kamar kuɗin magani ko cefanen baƙo, kaza ake kamawa a kai kasuwa. Saboda haka mai sayen ƴan tsaki yana bukatar sanin abu biyu: wane iri ne, kuma mace ce ko namiji. Wanda ya sayi ƴan tsaki yana sa ran ƙwai, bayan wata biyar ya ji sun fara cara, ya yi asarar dawa da dusa da lokacinsa.

Irin kaji

Kajin da ake gani iri biyu ne manya: kajin Hausa da kajin Turawa. Ɗan tsakon kajin Hausa ƙarami ne, mai kuzari, kuma launinsa barkatai ne. A ƙyanƙyasa guda ana iya samun baƙi da ja da mai ratsi a baya. Wasu ana kiransu da siffarsu. Durgu ita ce mai gajerun ƙafafu. Fingi ita ce wadda gashinta yake murɗewa sama. Wake-wake kuwa mai ɗigon fari da baƙi ce. Akwai kuma mai wuya ba gashi, wadda take jure zafi ƙwarai. Durgu da mai wuya ba gashi tun suna ƙanana ake gane su, fingi kuwa sai gashin fiffike ya fito.

Kajin Turawa launinsu ɗaya ne, girmansu ɗaya. Na nama rawaya-rawaya ne ranar ƙyanƙyasa, daga baya su zama farare fat. Suna da kaurin ƙafa da faɗin ƙirji, ba sa son yawo, sukan isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Masu ƙwai ba su da jiki haka, sun kuma fi kazar-kazar.

Mace ko namiji

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 21. A ranar farko ɗan tsakon kajin Hausa ba ya nuna jinsinsa. Akwai hanyar duba duburar ɗan tsako, wadda masana a ƙasar Japan suka fito da ita a shekarun 1920. Amma wannan aikin ƙwararru ne, wanda bai iya ba yana iya jikkata ɗan tsakon har ya mutu.

A wasu kajin Turawa masu jan ƙwai, launi yana bayyana jinsi tun ranar farko, domin an haɗa iyayensu ne da wannan nufi. Matan jajaye ne, mazan kuwa fari-fari. Gidajen ƙyanƙyasa sukan ware mazan su sayar da su da araha. Su ne akan gani a kwali a bakin kasuwa, wani lokaci an rina su kore ko shuɗi don jan hankalin yara. Mai son ƙwai ya yi hattara da irin wannan araha.

A kajin gida kuwa sai an yi haƙuri. Daga mako 4 zuwa 6 zankon namiji yakan fara girma ya yi ja, haka ma naman da yake reto a ƙarƙashin bakinsa. Na mace yana nan ƙarami, bai yi ja ba. Namiji ya fi kaurin ƙafa da tsawo, yana miƙe wuya, yana yawan tsokanar ƴanʼuwansa faɗa. Idan suka kai wata 3 zuwa 4, gashin wuyan zakara da na gadon bayansa yakan fito siriri mai tsini da sheƙi, wutsiyarsa ta lanƙwasa. Gashin sagara mai zagayayyen baki ne. Wajen wata 4 ko 5 zakara yakan fara cara, sagara kuma ta fara ƙwai wajen wata 6 ko bayan haka.

Alama ɗaya ba ta isa ba. Masu kiwo sukan jera ƴan tsakin uwa ɗaya su gwada su da juna, domin bambanci ya fi fitowa tsakanin tsara.

Wasu mutane suna cewa ƙwai mai tsini zakara ne, mai zagaye kuma kaza. Bincike bai tabbatar da haka ba. Siffar ƙwai ta danganta ne ga kazar da ta saka shi.

Amfanin sani

Zakara ɗaya ya ishi kaji kamar 10. Idan zakaru sun yi yawa a gida, sai faɗa da wahalar da kaji, ga cin hatsi a banza. Wadda ta gane jinsin ƴan tsakinta da wuri takan tsare matan a akurki saboda shaho da muzuru, ta zaɓi zakara ɗaya mai ƙarfi don iri. Sauran kuma ta turke su su yi ƙiba, ta sayar da su gab da salla, lokacin da kaji suke tsada.