Yadda Ƙwayar Cutar Ƙanjamau Ke Bijire wa Magani

Ƙwayar cutar ƙanjamau ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin garkuwar jikin ɗan Adam, ta kwafi bayanan halittarta a can. Sinadarin da ke yi mata wannan aiki mai gaggawa ne, kuma ba ya bitar abin da ya kwafa, tamkar mai juyar littafi da hannu wanda ba ya waiwayar shafin da ya gama. A jikin wanda ba ya shan magani, ana samun biliyoyin sababbin ƙwayoyi kowace rana, da yawansu ɗauke da kuskure. Wannan kuskuren shi masana ke kira sauyin halitta.

Galibin sauye-sauyen ba su amfanar ƙwayar da komai, wasu ma nakasa ta suke yi. Sai dai akan dace da wanda zai canza siffar gurbin da magani ke kamawa, maganin ya rasa inda zai riƙe. Alal misali, sauyi guda ɗaya tak da ake kira K103N ya isa ya karya ƙarfin nebirafin da efabirenz, M184V kuwa ya raunana lamibudin. Wannan ne ya sa tun daga 1996 ake haɗa magunguna uku wuri guda, domin da wuya ƙwaya ɗaya ta tsere wa ukun a lokaci ɗaya.

Haɗarin yana ga shan magani rabi da rabi. Idan aka sha a kan lokaci, ƙwayar ba ta samun damar hayayyafa, balle ta yi kuskuren da zai cece ta. Idan kuwa ana sha ana tsallakewa, maganin da ya rage a jini zai danne masu rauni, ya bar masu taurin kai su yaɗu. A nan ne yanayin rayuwa ke shigowa. Manomin shinkafa a fadamar Zauro, ko masunci daga Argungu da ya bi ruwa na makonni, ko ɗan cirani, kowannensu maganinsa na iya ƙarewa alhali yana nesa da asibitin Birnin Kebbi. Akwai kuma mai ɓoye kwalbarsa don gudun tsangwama, wanda shi ya fi wuyar ganowa.

Nijeriya ta mayar da waɗannan magunguna kyauta a 2006. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegirabir a matsayin maganin farko, saboda ƙwayar ba ta saurin bijire masa kamar na baya, ko da yake shi ma an fara ganin masu tsere masa. Ƙwayar da ta riga ta bijire ba a jikin mai ita kaɗai take tsayawa ba: tana iya kama abokin zama ko jariri, su fara jinya da maganin da tuni ya rasa tasiri a kanta. Awon yawan ƙwayar a cikin jini shi ke nuna wa likita ko lokacin sauya magani ya yi.