Sikeli a Ɗaka: Amfaninsa da Illarsa ga Wanda Aka Yi wa Aikin Rage Ƙiba

Gabatarwa

Awo tsohon abu ne a rayuwar Bahaushe. Da mudu da tiya yake auna hatsi, da kamu yake auna tufa, da taki yake auna fili. Shi kuwa sikeli ya yi ƙarfi ne tare da cinikin gyaɗa da auduga a zamanin Turawa, daga nan ya shiga asibiti, har ya zamana in an ce mace ta tafi awo, kowa ya san duba juna biyu ake nufi. A yau sikeli ya wuce shago da asibiti, ya shigo ɗaka, domin kuwa ƙaramin na tsayawa a kai bai gagari ma'aikaci saye ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba tambaya guda: shin ya kamata wanda za a yi wa aikin tiyata na rage ƙiba, ko wanda aka riga aka yi wa, ya riƙa auna kansa a gida? Za a dubi al'amarin ne da idon mazaunin Dutsin-Ma ko Kurfi, watau mutumin da ke nesa da likitan da ya yi masa aiki.

Ƙiba da Ma'auninta

Bahaushe ya daɗe yana kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata. Wanda ya yi tumbi sai a ce ya samu, amaryar da ta cika sai a yaba wa mijinta. Amma ilmin likita ya tabbatar da cewa ƙibar da ta wuce kima tana tafe da hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa, da sarƙewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da irin wannan ƙiba. Garuruwanmu ba su tsira ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, garin ya ƙara cika da masu wuni a kujera, waɗanda babur da mota suka raba su da tafiyar ƙasa.

Likitoci ba sa hukunci da nauyi shi kaɗai, sai sun haɗa shi da tsawo. Asalin wannan lissafi na Adolphe Quetelet ne, wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam a ƙarni na 19. Ana ninka tsawon mutum na mita da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 105, lissafinsa zai ba da 36. Daga 25 an fara wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙibar da ake ɗauka cuta ce. Bisa ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022, ana iya yi wa wanda ya kai 35 aiki, haka kuma wanda ya kai 30 in yana fama da ciwon sukari ko makamancinsa.

Yadda Aikin Yake

Aikin iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar siririn sashe mai kamar ayaba. Na biyu shi ne a keɓe ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, a haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Wannan na biyun Dokta Edward Mason na Jami'ar Ayowa ta Amurka ne ya fara shi a shekarun 1960. Duka biyun suna rage yawan abin da ciki ke ɗauka, suna kuma sauya sinadaran da ke sa jin yunwa. Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987 ya nuna, a sakamakonsa na 2007, cewa mace-mace sun ragu a cikin waɗanda aka yi wa aikin in an gwada da takwarorinsu da ba a yi wa ba.

To, sai dai wannan aiki ba a kowane asibiti ake yinsa ba. Mutumin Kurfi ko Dutsin-Ma da ya buƙace shi, sai ya nufi manyan birane irin su Abuja da Legas, ko ya ƙetare zuwa Masar, ko Indiya, ko Turkiyya. Bayan 'yan kwanaki ya dawo gida, likitansa yana can wata uwa duniya. Ko zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar kimanin kilomita 60 ce daga Dutsin-Ma. A nan ne sikelin ɗaka yake samun muhimmanci, a nan ne kuma yake iya yin ɓarna.

Abin da Sikeli Yake Aunawa

Sikeli bai san kitse ba. Abin da ya sani shi ne jimlar duk abin da aka ɗora masa: ƙashi, da tsoka, da kitse, da ruwa, da tuwon da aka ci jiya bai riga ya fita ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ke nan wanda ya sha leda biyu ta ruwa mai rabin lita, ya ƙara kilo guda nan take. Gishiri da ɗunƙulen miya suna riƙe ruwa a jiki, haka ma kusantowar al'adar mata, haka ma taurin bayan gida. Saboda haka nauyin lafiyayyen mutum yakan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safe da dare.

Shi kuwa kitse ba ya gaggawa. Kafin kilo ɗaya na kitse ya taru, sai an ci rarar abinci mai ƙarfin kalori wajen 7,700, watau kwatankwacin cimar baligi ta kwana uku, ban da abin da jiki ya ƙona. Wanda ya wayi gari ya ga ƙarin kilo a kan na jiya, lalle ruwa ya gani.

Kafin Aiki da Bayansa

Kafin aiki, likita yakan ɗora majiyyaci a kan ƙayyadadden abinci na kamar mako biyu, domin hanta ta saɓe, a sami sararin kai wa ga tumbi. A wannan lokaci awon gida yana da amfani, don yana nuna ko ana bin ƙa'ida. Ya kuma kyautu a rubuta nauyin ranar da za a bar gida, shi ne tushen duk lissafin da zai biyo baya.

Makonni biyun farko bayan aiki su ne lokacin da ya fi dacewa a tura sikeli ƙarƙashin gado. Ƙarin ruwan da aka yi a asibiti da kumburin ciki sukan sa mutum ya fi nauyin da ya shiga da shi. Wanda ya sayar da gona ko ya ci bashi don wannan aiki, in ya ga haka, ba ƙaramin tashin hankali zai shiga ba, alhali kuwa ruwan zai fita da kansa. Daɗin daɗawa, wajen mako na uku nauyi yakan tsaya cik na 'yan kwanaki, ko ma fiye da mako, yayin da jiki ke maido da ruwan da ya zubar da farko. Wannan sanannen abu ne ga likitoci. Haɗarin shi ne mai hawa sikeli safe da yamma ya ɗauka aikin ya ɓaci, ya rage shan ruwa ko ya ƙi cin ɗan abin da aka umarce shi. A ƙasarmu, inda zafin bazara yake tsananta daga Maris zuwa Mayu, ƙarancin ruwa a jikin mai sabon ɗinki yana iya taɓa ƙoda. Sikeli kuwa zai nuna masa raguwa, shi yana murna.

Amma fa wannan bai isa hujjar jefar da sikeli ba. Nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu bayan aiki, daga nan mutane da dama sukan fara maido da wani abu a hankali, ta yadda babbar riga da zane ba za su tona ba. Wani rajista na waɗanda suka rage ƙiba kuma suka riƙe, wanda Rena Wing da James Hill suka kafa a Amurka a 1994, ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu nasu suna auna kansu aƙalla sau ɗaya a mako. Kilo uku da aka gano da wuri sun fi sauƙin gyara a kan goma sha biyar da aka gano bayan shekara.

Hanyar da Ta Dace

In likita bai ba da wani umarni dabam ba, abin da ya fi shi ne awo sau ɗaya a mako, a rana guda tsayayya. A yi shi da asuba, bayan an kewaya, kafin a karya kumallo, da tufafi marasa nauyi. A ɗora sikelin a kan siminti ko tayil, domin tabarma da darduma da daɓen da bai daidaita ba suna sauya lamba. A tsaya ga sikeli ɗaya, kada a gwada na ɗaka da na yaron da ke yawo da shi a tasha. A rubuta a littafi, a riƙa duban tafiyar wata guda gaba ɗaya. A watan azumi lambar yamma da ta bayan sahur za su bambanta ƙwarai, sa'an nan shi kansa azumin sai da shawarar likita ga mai sabon aiki.

Har ila yau, tef ɗin tela abokin sikeli ne. A auna ƙugu daidai saitin cibiya sau ɗaya a wata. Abin da ake so shi ne ya gaza rabin tsawon mutum. Sau da yawa ƙugu yana raguwa a makon da sikeli ya tsaya. Wanda kuwa ya lura lambar sikeli ce ke yanke masa farin cikin wuninsa, gara ya kai sikelin gidan ɗan'uwa, ya riƙa yin awonsa a babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, inda za a haɗa masa da gwajin jini da na sukari.

Akwai kuma abubuwan da sikeli ba zai taɓa faɗa ba. Zazzaɓi, da bugun zuciya da sauri, da matsanancin ciwon ciki, da aman da ya ƙi tsayawa, da ƙarancin fitsari, duk alamu ne na a garzaya asibiti ko da lamba tana kyau. Haka nan ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12, waɗanda ake shan maganinsu har iyakar rai, gwajin jini ne kaɗai ke nuna shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa mazaunin Dutsin-Ma ko Kurfi ya fi na birni bukatar sikeli, domin littafin awonsa shi ne abin da zai karanta wa likitansa ta waya, ko ya miƙa wa wanda ya tarar a asibitin garinsu. Sharaɗin kawai shi ne ya bar shi ya huta a makonnin farko, ya hau shi sau ɗaya a mako bayan haka, ya kuma yi hukunci da lissafin wata maimakon na wuni. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.