Nonon Dare Da Yaye

Yau maganarmu a kan yaron goye ce, watau wanda ya wuce wata shida, ya fara zama ko rarrafe, har zuwa ranar da za a yaye shi. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, da wuya ranar awo ta wuce wata mace ba ta ce mini ba, "Malam, yaron nan ya hana ni barci. Dare ɗaya sai ya tashi sau uku sau huɗu yana neman nono. Ko nonon ne ba ya isarsa? Ko in yaye shi in huta?" Wani lokaci ma ba ita ke son yayen ba, uwar miji ce ta ce lokaci ya yi.

To, mu fara da tashin dare. Tashin dare ba ciwo ba ne. Cikin yaro ƙarami ne ƙwarai. Ɗan wata takwas ko tara, abin da cikinsa zai ɗauka a zama ɗaya bai fi kofin shayi guda ba, nono kuwa abinci ne mai saurin narkewa. Barcinsa kuma gajere-gajere ne, yakan farka a tsakani. Mu manya ma mukan farka, sai dai mu juya mu koma ba mu sani ba. Shi kuwa in ya farka sai ya laluba uwarsa. Wani tashin na yunwa ne, wani na ƙishi ne, musamman da bazara, wani na fitar haƙori, wani kuwa ɗumin uwa kaɗai yake nema.

Nonon daren nan yana da amfani ga uwa da ɗa duka. Akwai wani sinadari a jinin mai shayarwa wanda ke sa nono ya kawo, likitoci suna ce da shi furolaktin, da dare kuwa ya fi yawa. Tsotson dare shi ke riƙe nonon rana. Macen da ke wuni a gona, ko wadda daka da ɗiban ruwa suka sha kanta, ɗanta ba ya samun tsotso sosai da rana, sai da dare yake rama abin da ya rasa. In aka hana shi na daren nan farat ɗaya, nono sai ya ragu. Yawan tsotso kuma yakan jinkirta dawowar haila, amma fa ku ji da kyau, in yaro ya wuce wata shida kada mace ta dogara ga wannan ta ce ba za ta ɗauki ciki ba. Mai son tazara ta zo ɗakin shan magani, ita da maigidanta, a yi shawara.

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da shawara a ba jariri nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi. Daga nan a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye. Shekara biyun nan ba baƙuwar magana ba ce gare mu, addini da al'ada sun daɗe da ita. Daga wata 6 zuwa 12 nono yana ba yaro kamar rabin ƙarfin da jikinsa ke bukata, daga wata 12 zuwa 24 kuma kamar sulusi. Kun ga ke nan akwai saura, sauran kuwa daga kwano zai fito.

Nan ne yawancinmu ke kuskure. Uwa ta ce mini, "Ai yana shan koko." Na ce ta nuna mini kokon, sai in ga ruwa ne tsululu, an tace kamu an dama, an zuba sukari. Irin wannan yana cika ciki, amma ba ya riƙe shi, ba ya kuma gina jiki. Yaro ya sha da magariba, ya fitsarar, kafin tsakar dare yunwa ta tashe shi. Ga yadda za ki gwada: ki ɗebo kunun a cokali ki karkata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya yana sauka a hankali, to, ya yi kauri. Sa'an nan ki ƙara masa abin da ke gidanki. Gyaɗa soyayya niƙaƙƙiya, ko garin waken suya da aka soya, ko ƙwai dafaffe, ko garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, da ɗan cokalin man ja ko man gyaɗa. Zogale, kabewa, dankali, wake da aka dafa ya yi luguf, gwanda da mangwaro in lokacinsu ne, duk na yaro ne. Masu cewa ƙwai yana sa yaro sata, ni dai na daɗe ina wannan aiki, ban ga ɓarawon da ƙwai ya yi ba, amma na ga yara da yawa da rashinsa ya kwantar.

Ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau biyu ko uku a wuni. Daga wata 9 zuwa shekara biyu, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A ba shi kwanonsa dabam. In an haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun sude. A wanke hannu da sabulu, nasa da na mai ba shi, kada kuma a yi masa ɗura, don ɗura takan shaƙe yaro.

Yaya za ki san ko yunwa ce ke tashinsa? Ma'auni zai gaya miki. Ki kawo shi awo kowane wata. In nauyinsa na hawa a kan kati, yana wasa, yana fitsari sosai, to, tashin darensa ba abin damuwa ba ne. In nauyin ya tsaya wata biyu, sai mu zauna mu duba abincinsa.

Abubuwan da ba a so da dare kuwa, na farko bulumboti. Wanke shi yana da wuya, madarar da ta kwana cikinsa a zafin nan namu gudawa ce. Shayi mai sukari da ake ba yaro yana barci yana ɓata haƙori. Zuma kada a ba wanda bai cika shekara ba. Mafi muni duka shi ne maganin mura ko na barci da wasu ke saye a kemis su ba yaro don ya yi shiru. Wannan yana iya danne numfashinsa. Kada ku yi.

In yaro ya cika shekara, yana cin abinci sosai, nauyinsa na hawa, uwa kuwa ta gaji, ana iya rage na dare ba tare da an yaye shi ba. Ki ba shi abinci mai kauri bayan magariba, ki ba shi nono ya ƙoshi kafin kwanciya. In ya farka kada ki yi saurin sa masa nono a baki. Ki ɗan bubbuga bayansa, ki yi masa magana a hankali, in da zafi ki ba shi tafasasshen ruwa a kofi. In bai yarda ba ki ba shi, amma ki gajarta. Ki cire tsotso ɗaya tukuna, ki bar kwana huɗu ko biyar su wuce kafin ki taɓa na biyu. Kai kuma maigida, nan akwai aikinka. Yaro in yana jin ƙanshin nono da wuya ya haƙura, amma a kafaɗar ubansa ko kakarsa yakan koma barci. In ya kamu da zazzaɓi ko gudawa a tsakani, a bar ragin nan, a ba shi nono duk sa'ad da ya nema, dare da rana. Kowane dare kuma ku kwana cikin gidan sauro.

Yanzu sai yaye. Yadda muka saba, ranar da aka sa sai a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, watakila a wani ƙauye. Dare ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa ɗakin da ya sani. Kaka tana sonsa, ba shakka, amma yaron da ke cikin baƙin ciki ba ya cin abinci. Na tuna wata yarinya 'yar wata goma sha biyar da aka yaye haka da damina, don uwarta ta yi kwanika. Bayan mako shida kakarta ta goyo ta zuwa wurinmu, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ba ta ko iya kuka da ƙarfi. Kaka tana cewa ta sha ciki ne. Ba cikin ta sha ba, koko tsululu ta sha mako shida. Allah ya taimaka ta tashi, amma sai da ta kwanta asibiti.

Wannan ciwo tamowa ne, irin mai kumburi. Wata likita mai suna Sisili Wiliyams ta yi bayaninsa a shekarar 1933, sa'ad da take aiki a Ankara, ƙasar da yanzu ake kira Gana, inda ta ga yara ana yaye su da kunun masara kaɗai. A 1935 ta sa masa sunan da mutanen Ga suke kiransa, kwashiyoko, ma'anarsa ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Kun ga su ma can sun lura da abin da muka lura. Amma laifin ba na nonon mai ciki ba ne. Nonon mai ciki ba ya zama dafi. Yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan sāke, shi ke nan. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, ta ƙara cin abinci, ta ƙara wa yaron nasa. Sai in tana zubar jini, ko ciwon mara, ko ta taɓa yin ɓari, sa'an nan ta zo a duba ta tukuna.

Yaye mai kyau a hankali ake yinsa, cikin wata guda ko biyu. A fara cire na rana ɗaya bayan ɗaya, a sa abinci a madadinsa, na kwanciya barci shi ne na ƙarshe. In za a kai shi gidan kaka, sai ya riga ya saba da ita, ya kuma saba da cin tuwo da kansa. Uwa ma ta fi hutawa haka, gama yayen dare ɗaya yakan sa nono ya cika ya yi tauri, har ya yi ƙurji. In ya cika ki ɗan tatse kaɗan don ki sami sauƙi, in kuwa ya yi ja da zazzaɓi ki zo.

Ku kuma dubi lokaci. Kada a yaye yaro yana ciwo, ko yana tashi daga ciwo. Bazara lokacin ƙyanda ne da zafi, tsakiyar damina kuwa rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga gudawa. In da hali a jira amfanin gona ya shigo gida, gyaɗa da wake sun samu. A tabbata an yi masa allurar ƙyanda ta wata tara da ta wata goma sha biyar.

Bayan yaye a ci gaba da kawo shi awo. Muna da ɗan tef mai launi da muke auna damtsen yaro, in ya gaza santimita 11 da rabi ya shiga ja, sai magani. A gida ma kuna iya gwada kumburi. Ki danna bayan ƙafafunsa duka biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, ko yaro ya ƙi abinci, ko gudawa ta ƙi tsayawa, kada ku jira ranar kasuwa. Ku goyo shi ku kawo ran nan, ku zo da katinsa.