Ƙudan Dafodil da Hanyoyin Kare Albasar Fure

A Birtaniya, musamman Lincolnshire da Cornwall inda ake noman furen dafodil don kasuwa, ƙudan da masana ke kira Merodon equestris yana cikin ƙwarin da suka fi yin ɓarna. Yana kama da ƙudan zuma, sai dai ba ya harbi. Tsakanin Mayu da Yuni macen takan saka ƙwai a gindin ganye. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta gangara ƙasa, ta huda albasar furen ta gindi, ta kwashe watanni tana cinye cikinta. Mai lambu ba ya farga sai shekara ta zagayo, ya ga siririn ganye babu fure.

Saboda haka feshin magani bai cika amfani ba, tunda tsutsar na ɓoye. Abin da ya fi shi ne danne ƙasar da ke kewaye da ganyen idan ya fara bushewa, da rufe shukar da raga a lokacin saka ƙwai. Manyan manoma kuwa jiƙa albasar suke yi a ruwa mai zafin digiri 44.4 na tsawon awa uku. Zafin da ya wuce haka yakan lalata furen.