Ko Kun Sani?

Bindigar DP ta sojojin Tarayyar Sobiyet, wadda ta sha aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, harsashi 47 kacal take ɗauka a wani faifai da ake kifawa a samanta. Ana tsaka da artabu sai ya ƙare.

A 1946 aka samo dabara. Aka cire faifan, aka ɗora wata na'urar ƙarfe a gurbinsa. Mariƙin ɗana bindigar, da ke kai da komowa a kowane harbi, shi ke motsa na'urar ta riƙa jawo ɗamarar harsashi 200 ko 250. Aka kuma ƙara wa bututun kauri saboda zafi. Wannan ita ce RP-46. Abin burgewa, in an cire na'urar, tsohon faifan yana komawa mazauninsa ya ci gaba da aiki.