Wake Ya Ɗaga Lissafi, Nono Ya Ja Baya: Abincin Gina Jiki a Tabla da Ƙasar Kurfai

Tabla ƙauye ne a cikin kwarin Dallol Boso, kusa da Baleyara, a kan hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Filinge da ƙasar Kurfai. Duk ranar Lahadi mutanensa kan kwarara zuwa kasuwar Baleyara, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin Nijar. Kafin la'asar manyan motoci sun cika da shanu da raguna, in kuma lokacin kaka ne har da buhunan wake, sun kama hanyar Yamai ko ta iyakar Najeriya. Abin da motocin nan ke ɗauka shi ne ainihin abincin da ke gina jikin ɗan Adam, wanda masana ke kira furotin, kuma yankin yana samar da shi da yawa. Nawa ne ke saura a akushin mai gida da ƙwaryar yaransa?

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana fitar da lissafin abincin kowace ƙasa, wanda alƙalumansa suka faro daga 1961. Ana tara abin da aka noma da abin da aka kiwata da wanda aka shigo da shi, a cire wanda aka fitar waje da iri da abincin dabbobi da wanda ya lalace, sannan a raba sauran ga yawan jama'a da kwanakin shekara. A wannan ma'auni, rabon ɗan Nijar a farkon shekarun 1960 bai kai giram 60 na furotin a rana ba. A shekarun baya-bayan nan ya kai wajen giram 80, ya ma zarce na Najeriya. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar kimanin giram 50 ne a rana.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka tuna cewa ƙasar ta samu 'yanci a 1960 da mutane wajen miliyan 3 da rabi, ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan 17, yau kuma sun wuce miliyan 25. Bakuna sun ninka sau bakwai, amma rabon kowa bai ragu ba a takarda.

Wake ne ya yi wannan aiki. Nijar ce ta biyu a duniya wajen nomansa, bayan Najeriya, kuma a shekaru masu albarka abin da take girba yana haura tan miliyan 2. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake furotin ne, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin gero. Manomin Kurfai bai bukaci wani ya koya masa darajarsa ba. Yana shuka shi tsakanin layukan gero bayan geron ya tsaya da ƙafarsa, waken ya shimfiɗu ya rufe yashi, saiwarsa ta ƙara wa ƙasa ƙarfi. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya ƙi, sau da yawa wake mai saurin nuna yakan fitar da gida kunya. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da takwararta IITA mai reshe a Kano sun yi shekaru suna fitar da irin da ke nuna cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Harawar ma kuɗi ce: a kan rufin ɗakuna da rassan itatuwa ake jibge ta, a kiwata ragon layya da ita ko a sayar da rani. Haɗin gero da wake kuwa, wanda uwaye suka gada, yana da hujja a kimiyya, domin abin da furotin ɗin gero ya gaza a kai wake yana cike shi.

Ɓangaren nono da nama ne ke da ban takaici. Ƙasar da kiwo ke cikin manyan dukiyoyinta, abin da mutanenta ke samu daga dabba bai kai kashi ɗaya cikin biyar na furotin ɗinsu ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karkashe garkuna a arewacin jihar Tilaberi, gidaje da yawa da suka rasa shanu suka koma kan awaki da tumaki. Garkunan sun farfaɗo daga baya, amma ba su kamo yawan jama'a ba, gonaki kuma suka ci makiyaya da burtali. Furar da a da ake damawa da nono mai kauri, a gidaje da dama yanzu ruwa ya fi yawa a cikinta, musamman da bazara lokacin da shanu suka rame ko suka yi nisa neman ciyawa. A birane madarar gari ta ƙasashen waje ta cike gurbin.

Abin ya fi ciwo a wannan yanki, domin a Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, gwamnati ke da tashar kiwon shanun Azawak tun shekarun 1950. Jajayen shanun nan suna cikin waɗanda suka fi ba da nono a duk Sahel, kuma an san matan yankin da yin cuku, wanda ke daɗewa bai lalace ba. Iri yana nan, sani yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abincin dabba da rani da hanyar kai nono kasuwa kafin ya tsinke.

Lissafin FAO yana nuna abin da ke cikin ƙasa ne, ba abin da ya shiga tukunya ba. A Tabla da maƙwabtanta wake shi ne kuɗin manomi. Da kaka, lokacin da tiya ta fi araha, ake sayar da shi don biyan bashin damina, da kuɗin motar matasa masu tafiya ci-rani, da hidimar aure. Akwai kuma tsoron ƙwari, waɗanda cikin 'yan watanni suke mayar da buhu gari da ramuka. Tun wajen 2007 aka fara yaɗa buhu mai ciki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka, har da na INRAN a Maradi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Wanda ya iya riƙe buhu biyu ko uku haka har bazara, ya samu na ci, ya kuma sayar da daraja. Sai dai mai bashi a wuya ba ya iya jira.

Yara ne ke biyan kuɗin wannan giɓi. Binciken abinci da gwamnati ke yi tare da UNICEF ya daɗe yana nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijar sun tsumbure. Yaron da aka yaye cikinsa ƙarami ne, kunun gero zalla yana cika shi ba tare da ya gina shi ba. Shi ya sa ma'aikatan likita ke nace wa uwaye su zuba garin soyayyen wake ko ƙuli-ƙuli a kunu, su ba da ƙwai maimakon a kai shi duka kasuwa, su yi amfani da zogalen da ke lambunan Dallol, inda ruwa ba ya da zurfi. Yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farar ɗango na 2004, ta taɓa ƙasar Filinge sosai, ita ce kuma ta sa aka buɗe cibiyoyin kula da tamowa a sassan ƙasar.

Yanzu rashin tsaro ya ƙara wani nauyi. Hare-haren 'yan bindiga a wajejen Abala da Banibangu sun raba dubban mutane da gonakinsu, an kore garkuna, makiyaya da yawa sun daina hawa arewa da damina kamar yadda suka saba. Iyalan da suka gudo Filinge da Baleyara sun bar rumbu da akuya a baya, yanzu da tiya suke sayen waken da a da suke nomawa.