Tsakanin Birni da Ruga: Bambancin Samun Magani a Ƙasar Gwarzo da Kabo



Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da maganar asibiti? To, asibiti dai wuri ne da ake magana kafin a yi allura, kuma sau da yawa a wurin maganar ne ake rasa majinyaci. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba dalilin da ya sa mutanen ƙasa ɗaya, masu cin kasuwa ɗaya, ba sa samun magani daidai wa daida. Zan ɗauki misalaina daga ƙasar Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano.

A waɗansu ƙasashe wannan magana ta launin fata ce. A Amurka, wani rahoton gwamnati na shekarar 1985 ya ƙiyasta cewa baƙaƙen fata wajen 60,000 ne ke mutuwa kowace shekara, waɗanda da ba su mutu ba in da lafiyarsu ta yi daidai da ta farare. A 2002 kuma wata cibiyar masana aikin likita ta can ta nuna cewa ko da baƙi da fari sun yi daidai a samu da inshora, kulawar da ake yi wa baƙin ta fi rauni. Mu ma mun taɓa ɗanɗana irin wannan. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya kai ga Bature. A Kano, asibitin Turawa yana Nasarawa, shi kuwa asibitin cikin birni, wanda yanzu ake kira da sunan Murtala Muhammad, sai wajen ƙarshen shekarun 1920 aka kafa shi. Daga baya ne En'e ta riƙa gina disfensare a garuruwan hakimai. Watau jerin gwanon shi ne Bature, sai ma'aikaci, sai mutumin birni, sai mutumin garin hakimi. Wanda ke bayan nan, babu wanda ya tsara masa kome. Turawa sun tafi a 1960, amma jerin bai watse ba, na kan gaba kawai aka sake.

Alƙaluma sun tabbatar da haka. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. Amma a birane 92 ne, a karkara 157. A shiyyar Kudu maso Yamma 62 ne, a tamu shiyyar ta Arewa maso Yamma 187. Sai dai irin wannan lissafi a kan jiha yake tsayawa. Ba ya shiga cikin ƙaramar hukuma ya ce ga yadda ɗan cikin gari yake, ga yadda ɗan ruga yake, alhali kuwa a nan ne ratar da ta dame ni take.

Wanda ya bi titin Kano zuwa Gwarzo ya miƙe Dayi, zai ratsa ƙasa mai yawan jama'a. A ƙidayar 2006 Gwarzo tana da mutum sama da 180,000, Kabo kuwa sama da 150,000. A cikinsu akwai mutanen garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Garo da Gude, manoma da 'yan kasuwa da malamai, masu dagaci da mai unguwa da makaranta da ɗakin shan magani. Akwai Filanin ruga, waɗanda waɗansunsu sun shekara da shekaru a gefen gonakin gari, waɗansu kuwa damina ce ke kawo su, rani ya kai su kudu. Akwai kuma zuriyar Maguzawa, masu manyan gidaje a warwatse cikin gonaki, waɗanda da yawansu sun musulunta, waɗansu sun shiga addinin Kirista, amma har yanzu tsohon sunan yana bin su, kuma ba kullum ne ake faɗinsa da girmamawa ba.

A nan sai mu yi hattara da kalmar ƙabila. Gidan sarautar Kano kansa na Filani ne, haka yawancin gidajen hakimai, kuma Bafillacen da ke zaune cikin garin Gwarzo ba shi da wata matsala a asibiti wadda maƙwabcinsa Bahaushe ba shi da ita. Bamaguje kuwa Bahaushe ne tsantsa, Hausarsa ma ta fi ta wasunmu tsabta. Saboda haka ba jini ne ke raba mutane a ƙofar asibiti ba. Abin da ke raba su shi ne ko hukuma ta san da zamansu, ko ana jin harshensu, ko kuma sun amince da wanda ke riƙe da allurar. Amma da yake rashin waɗannan abubuwa uku ya fi taruwa a kan jama'a iri ɗaya, tilas sakamakon ya fito da kamannin ƙabila.

Mu fara da ƙidaya. Ma'aikatan gwamnati da ke nan sun san yadda ake tsara aikin rigakafi: ana farawa da jerin sunayen garuruwa da unguwanni, a ƙiyasta yaran da ke ciki, sannan a ware allura da ma'aikata da kuɗin mai. Jerin kuwa daga hannun dagatai da masu unguwanni yake fitowa. Rugar da ba ta ƙarƙashin mai unguwa, ko wadda ta faɗa kan iyakar gunduma biyu, kowa yana cewa ta wancan ce, ba ta cikin jeri. Wanda ba ya cikin jeri, ko a lissafin waɗanda aka tsallake ba zai fito ba, don haka sai rahoto ya zo ofis yana cewa an gama aiki, kuma a takarda gaskiya ne.

Abin mamaki shi ne hukuma ta daɗe da sanin hanyar ruga. Shekara da shekaru malaman jangali suna bin daji suna ƙirga shanu ɗaya bayan ɗaya, har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Tun 1924 akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom. A 1962 aka fara babban gangamin yi wa shanu rigakafin bushiya a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, kuma makiyaya suka kawo garkunansu, har aka wayi gari a 2011 aka bayyana cewa cutar ta ƙare a duniya. Ashe ke nan gwamnati ta san yawan shanun Bafillace tun kafin ta tambayi yawan 'ya'yansa, shi kuma ya san amfanin allura tun kafin mu fara cewa ya jahilce ta.

Ko an san da rugar, tsarin aikin bai dace da zamanta ba. Rigakafin jariri yana bukatar zuwa ranar haihuwa, da mako na 6, da na 10, da na 14, da wata na 9, da kuma bayan shekara. Ɗakin shan magani da safe yake aiki, a daidai lokacin da Bafillatana ke tatsa da shirya nono don tafiya talla. Kafin zagaye na uku ya zo, wataƙila an tashi. Mai naƙuda kuwa, ko da Jihar Kano ta ce haihuwa kyauta ce, kamar yadda ta fara cewa tun farkon shekarun 2000, kuɗin babur daga bakin daji zuwa babban asibitin Gwarzo da tsakar dare cikin watan Agusta ba kyauta ba ne.

Na biyu shi ne harshe, kuma a nan zan ɗan daɗe. Likita da Turanci ya yi karatu, da Hausa yake tambaya, matar ruga kuma da Fillanci take jin ciwonta. Hausar da ta iya ta ciniki ce, ta isa sayar da nono a kasuwar Getso, amma ba ta isa bayyana yadda jini ya ɓalle mata ba. Mijinta ko surukinta ne tafinta, mutanen da ba za ta iya ambaton al'aurarta a gabansu ba. Ga kuma tarbiyyar da Filani ke kira pulaaku, wadda a cikinta akwai semteende, watau kunya, da munyal, watau haƙuri da jimiri. Wanda aka rena a kan haka ba ya raki. Ma'aikacin da ya saba auna tsananin ciwo da ƙarfin kuka zai bar ta a ƙarshen layi, alhali ita ce ta fi kusa da halaka.

Ko tsakanin Bahaushe da Bahaushe ma kalma tana da nauyi. Dubi sunan shan inna. Inna ɗaya ce daga cikin iskokin bori, kuma masanin harsuna Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya yi bayanin irin waɗannan iskoki a littafinsa na 1946. Sunan da kansa yana cewa iska ce ta shanye ƙafar yaro. To, mai shela ya zo da lasifika yana cewa a kawo yara a ɗiga musu maganin shan inna, ba tare da ya bayyana cewa ƙwayar cuta ce mai bin bayan gida da gurɓataccen ruwa ba, mai sauraro yana da hujjar tambayar yadda ɗigo biyu za su kori aljana. Haka jijjigar mai ciki, wadda hawan jini ke kawowa, da yawa suna ɗauka bugun iska ce, sai a nufi mai ruƙiyya ko boka. Ni ban ga laifin mai wannan fassara ba, tun da ba a ba shi wata da harshensa ba.

Na uku shi ne amana. A Amurka, daga 1932 zuwa 1972 an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere a Tuskegee ba tare da magani ba don a ga yadda cutar ke ci, kuma har yanzu jikokinsu suna tuna wannan. Mu namu shi ne 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Da wannan tabo a zuci aka shiga 2003, shekarar da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a koma ba sai Yulin 2004, bayan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ga mutumin ruga kuma akwai ƙarin wani nauyi a 'yan shekarun nan. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya addabi Zamfara da Katsina, wadda Gwarzo ke iyaka da ita, ana yi wa kowane mai sanda da malafa kallon tuhuma. Mutumin da ke tsoron a tare shi a hanya ba zai yi saurin kai ɗansa gari ba.

Duk da haka an ga abin da ke yin aiki, kuma yaƙi da shan inna ne ya koyar da shi. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitin kiwon lafiya a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, aikin ya koma hannun hakimai da dagatai. Daga 2012 aka fara zana taswirar ƙauyuka daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma tura ma'aikata su bi rugage tare da arɗo-arɗo da malaman dabbobi, sai ga dubban matsugunai a jihohin Arewa waɗanda ba su cikin kowane jeri. Aka riƙa kafa sansanin magani na kwana ɗaya ko biyu, inda ake duba zazzaɓi da gudawa da masu ciki, saboda jama'a sun daɗe suna tambayar dalilin da ya sa ake bin su gida da maganin cutar da ba su gani, ga kuwa zazzaɓin cizon sauro yana kashe musu yara. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano, a Sumaila ne, cikin Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. A Cadi ma, tun daga shekarar 2000 an gwada haɗa malamin dabbobi da ma'aikacin lafiya a mota ɗaya, a yi wa shanu allura a yi wa yara da mata a zama ɗaya, kuma makiyaya suka karɓa.

Sai dai gangami kamar ruwan bazara yake. Da kuɗin ƙetare ya janye, motar ta daina zuwa. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ta ci gaba cikin 2023, ta fi kama yaran da ba su sami rigakafin yau da kullum ba, cutar da allurarta ta fi shekara 80 a duniya. Doka kuwa ba ta rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ƙananan asibitoci da marasa galihu, kuma Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun dokar 2016. Abin tambaya shi ne, idan aka zo rubuta sunayen marasa galihu a gundumar Durun ko Mainika, wa ke riƙe da alƙalami, kuma ina ƙafarsa take tsayawa?

Saboda haka nake roƙon ma'aikatan da ke nan su duba abin da ke kan teburinsu. Rajistar asibiti ta ƙara gurbin da zai nuna ainihin mazaunin majinyaci da harshen da ya fi ji, don a san wanda ke zuwa da wanda ba ya zuwa. A sa arɗo da mai gidan Maguzawa cikin kwamitin lafiya na gunduma. A kai awon ciki da rigakafi bakin kasuwa ranar da take ci, a kuma karɓi katin yaro ko daga wace jiha aka ba shi. Mafi muhimmanci a ganina shi ne ɗaukar ɗalibai. Tun 1989 akwai Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, saboda haka akwai 'yan ruga masu takardar makaranta. A ware musu gurabe a Makarantar Tsafta ta Kano da Makarantar Ungozoma ta Dambatta, tare da shekarar share fage ga wadda makinta bai kai ba, bisa sharaɗin ta koma yi wa mutanenta aiki. Mu kuma a sassan harsunan Nijeriya, akwai aikin da ke jiranmu na tattara sunayen cututtuka da alamominsu cikin Hausa da Fillanci, daga bakin ungozoma da wanzami da makiyayi, a buga shi ƙaramin littafi da zai shiga aljihun ma'aikacin lafiya. Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa, ofishina a buɗe yake.